Alat Ɗin Da Ba Na Kuɗi Ba

A makarantar nan kalmar "alat" ma'ana ɗaya gare ta. Idan ka ga ɗalibi ya zabura ya ciro waya ana tsakiyar lakca, fuskarsa ta washe, ka san daga gida an tuna da shi. Ni kuwa tun farkon zangon nan wayata kan yi ƙara a lokutan da ba a turo kuɗi: ƙarfe biyun dare, uku da kwata, wani sa'in ana kiran assalatu. Abin da ke shigowa kuma bai taɓa sayen ko awarar hamsin ba. Layin lambobi ne kawai, yana cewa wani tauraron ɗan'adam ya ga walƙiya a wani gefe na sama 'yan sakanni da suka wuce. 'Yan ɗakinmu sun gaji da tambaya. Yanzu da sun ji ƙarar sai wata ta ja bargo ta ce, "Ke da taurarinki, Allah ya shirye ki."

Furojek ɗinmu ne na kammala difloma, mu uku, ni da ƙawata da wani ɗan ajinmu. Abin da muka haɗa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi mai girman tafin hannu, batir, ƙararrawa, da fitilu biyu, kore da ja, duk a cikin akwatin roba. Aikinsa ya saurari sanarwar gaggawa da hukumar NASA ta Amurka ke watsawa ta wani tsari mai suna GCN, wanda kowa zai iya yin rajista ya riƙa karɓa kyauta. Kowace sanarwa tana zuwa da lokaci da kuma lambobi biyu masu nuna wurin da abin ya faru a sama, kamar dai yadda ake nuna gari a taswira. Akwatinmu ya ɗauki lambobin, ya lissafa ko wurin yana sama ko ya faɗi, ko rana ta faɗi ko da saura, sannan ya kunna fitila ya turo saƙo waya.

Bari in ɗan koma baya, don na san wani zai ce wace walƙiya kuma. Mun saba ganin sama kamar rufin ɗaki. Kaza da 'ya'yanta na nan yadda kakanninmu suka gan ta. Amma a cikin wannan rufin akwai abubuwan da ke kunnuwa su mutu. Ƙatuwar tauraruwa kan ƙare rayuwarta da fashewa, haskenta ya yi makonni yana raguwa. Akwai kuma walƙiyar hasken gama, wanda ido ba ya gani, iskar duniya kuma ba ta barinsa ya iso ƙasa, shi ya sa taurarin ɗan'adam ne ke kama shi. Wata walƙiyar ba ta kai sakan biyu, wata ta haura minti. Ɗan garwashin da take bari, wanda madubin hangen nesa zai iya ɗauka daga ƙasa, yana dusashewa ne cikin mintoci da awoyi. Tauraron Fermi da aka harba a 2008 yana kama irin wannan walƙiya kusan 240 a shekara, sai dai kwatancensa irin na ɗan ƙauye ne, ya nuna maka da baki ya ce nan kusa ne, alhali fili ne mai faɗi. Swift kuwa, na 2004, an ƙera shi ya juya da kansa cikin minti ɗaya ko biyu ya tsayar da wurin daidai.

Ranar da muka kai wa malamin da ke duba aikinmu tsarin farko, ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya ce, "To, ƙararrawa ta buga. Sai kuma me? Ina madubin da za ku juya?"

Ba mu da shi. Makarantar nan ba ta da shi. Ko da muna da shi, rabin shekara hadari ne, wani ɓangaren kuma hazo. A hanyar fitowa ɗan ajinmu ya ce gara tun da wuri mu koma na'urar da ke kashe famfo idan tanki ya cika, wadda aka yi bara, aka yi bara waccan, kowa ya ci maki ya tafi. Ba wasa yake ba, kuma ban ga laifinsa ba. Makin furojek yana da nauyi a sakamakon ƙarshe, shi kuma yana neman shiga babbar difloma. Ni dai na roƙi mako ɗaya. A makon nan na zauna na karanta yadda aka yi a rana guda, kuma labarin ranar shi na mayar wa Malam.

Alhamis ce, 17 ga Agusta 2017, ƙarfe 1:41 na rana agogon Najeriya. A Amurka akwai wasu na'urori biyu da ake kira LIGO, ɗaya a Hanford ɗaya a Livingston, kowace da hannuwa biyu masu tsawon kilomita huɗu-huɗu. Ba haske suke kallo ba, girgizar sararin samaniya suke ji. A wannan lokacin suka ji wasu matattun taurari biyu, kowace faɗinta bai fi na babban birni ba amma ta fi rana nauyi, suna zagaya juna har suka yi karo. Kafin a cika sakan biyu Fermi ya ga walƙiyar gama, kafin a cika sakan ashirin ya aika sanarwa da kansa, ba hannun mutum. Sai dai a Livingston, kamar sakan ɗaya kafin karon, na'urar ta yi wani ƙugi nata na kanta wanda ya faɗo a kan siginar. Duk wanda ya taɓa zama gaban osiloskof a lab ya san irin wannan. Kwamfuta ta ajiye bayanan Livingston gefe, ya zama shaida ɗaya kawai ake da shi. Mutane ne suka buɗe, suka duba da ido, suka ga siginar na nan a ƙarƙashin ƙugin. Sai bayan minti ashirin da bakwai sanarwarsu ta farko ta fita. Goge ƙugin da haɗa bayanan na'ura ta uku, Virgo ta Italiya, ya kai su awa biyar kafin su fitar da taswira mai amfani.

Taswirar ma ba ƙarama ba ce. Filin da ta zagaye zai ɗauki cikakken wata kusan 150 a jere. Ga shi kuma wurin yana kusa da rana a wannan watan, da magariba ta yi ba ya daɗewa yake faɗuwa. A ƙasar Chile, inda manyan madubai suke, rana ce tsaka, dole a jira. Wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz ba su zauna jiran banza ba. LIGO ta faɗi nisan abin, tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 130. Sai suka ce maimakon share filin gaba ɗaya, bari a jero garken taurari da aka riga aka sani a wannan nisan a cikin taswirar, a sa waɗanda suka fi yiwuwa a gaba, a tsara yadda hoto ɗaya zai kama garke da yawa. Da duhu ya shiga suka juya wani tsohon madubi mai suna Swope, faɗinsa mita ɗaya tak, a tsaunin Las Campanas. A hoto na tara, Charlie Kilpatrick, wanda ke zaune can Kalifoniya yana gwada sababbin hotuna da tsofaffi, ya ga ɗigon haske a gefen garken NGC 4993 wanda da babu shi. Awa goma sha ɗaya saura kaɗan ke nan da karon. A nan gida sha biyu da rabi na dare ta ɗan gota.

Ba su ɓoye ba, suka sanar. Cikin awa ɗaya wasu ƙungiyoyi biyar ma sun ɗauki hotonsa. Daga nan aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu yadda dare ke tafiya yamma: Hawai, Ostareliya, Afirka ta Kudu inda babban madubin SALT yake a Sutherland, sannan Chile kuma. Cibiyoyi kusan 70 suka shiga, a ƙasa da sama. Aka ga hasken ya tashi daga shuɗi ya koma ja cikin 'yan kwanaki, kuma daga wannan sauyin aka samu hujjar cewa irin wannan karo yana cikin wuraren da ake ƙera ƙarafa masu nauyi irin su zinariya. Ƙawata ta ce ashe sarƙar lefe daga nesa ta taso. Wanda ya makara kwana uku a wannan makon bai ga shuɗin ba, kuma ba a sake kunna masa.

Abin da na ce wa Malam shi ne, madubin da ya fara ganin abin ba ya cikin manya. Abin da ya ba su nasara jerin suna ne da aka tsara da rana, da mutum a farke gaban allo, da saƙo da ya fita kan lokaci. Na ce, "Malam, wannan ɓangaren aikinmu ne. Karɓar sigina, tace shi, sanin wa za a tasa." Ya yi shiru, sannan ya ce ya amince, da sharaɗi: mu yi duti na gaske, mako uku, awa takwas-takwas, dare da rana, mu kawo masa kundi. Idan ya ga rami a kundin, mu koma tankin ruwa.

A manyan cibiyoyi haka ake yi. Ƙungiyar Swift tana da mai duti a kowane lokaci. Da sanarwa ta shigo ake tashinsa, shi da 'yan uwansa su duba ko walƙiyar gaske ce, su fitar da bayanin farko cikin mintoci, kuma wannan walƙiyar ta zama tasa, shi zai bi ta har ta mutu. Wanda ke zaune a gefen madubi kuma nasa nauyin daban ne, kuma a ganina ya fi wuya. Daren babban madubi ba a samunsa a banza. Takarda ake rubutawa watanni kafin lokaci, a yi takara, da yawa su rasa. Ka ɗauka wata ɗalibar digiri na uku ta jira wata shida aka ba ta dare biyu. Tana tsakiyar aikinta sai ga sanarwa, kuma akwai ƙungiyar da aka ba izinin katse duk abin da ake yi. Mai duti ne zai auna: wurin ya yi sama sosai? Minti nawa suka rage kafin ya faɗi? Wata yana kusa da shi? Wani madubin ya riga ya kama? Idan ya katse kuma abin ya zama ƙarya, ya ci daren baiwar Allah a banza. Idan bai katse ba kuma ya zama irin na 2017, ba mai maido shi. Kuma ba a ba shi awa ɗaya ya yi shawara. A madubin VLT na Chile har akwai tsarin da sanarwa ke katse aikin da kanta, madubi ya juya cikin 'yan mintoci, amma ko a nan ma mutane ne suka zauna tun farko suka rubuta wace irin sanarwa ce ta cancanci haka.

Mu namu dutin ba daren kowa a hannunmu, amma mun ɗanɗani gefen abin. Lab ana rufe shi da yamma, ɗakin kwanan mata ma yana da lokacin rufe ƙofa, don haka akwatin yana can, mai duti yana inda yake da waya da fawa bank. Dokarmu ita ce cikin minti biyar da shigowar saƙo mai duti ya rubuta a kundi: lokaci, daga wane tauraro, wurin, da kuma daga ina za a iya ganinsa a wannan lokacin. Mun zaɓi wurare uku na gaske muna yi musu lissafi kamar mu ne masu dutinsu: Sutherland, da tsibirin La Palma na Sifaniya, da Las Campanas. Sannan ya rubuta hukuncinsa, a katse ko kar a katse, da dalili a layi ɗaya. Washegari mu karanta rahotannin masu madubai mu ga abin da suka yi. Wallahi ƙarfe uku na dare, ido na yaji, layi ɗayan nan yakan yi nauyi kamar jarrabawa.

Rigimarmu mafi girma a kan ƙararrawa ce. Ɗan ajinmu yana so ta buga kan kowace sanarwa, wai ranar kare furojek a ga akwati na aiki. Ni na ƙi. Ba duk abin da ya shigo ba ne walƙiya daga nesa. Fermi kan amsa wa tartsatsin rana, har da tsawar hadari ta nan duniya. Wata sanarwar kuma bayan ɗan lokaci masu ita su janye ta su ce hayaniyar na'ura ce. Ƙararrawar da ke bugawa kan komai, mako ɗaya ya isa a daina jin ta, kamar jiniyar motar maƙwabci. Muka tsaya a kan cewa komai ya shiga kundi, amma ƙara sai idan wurin yana sama da digiri 30 a ɗaya daga wuraren nan uku kuma can dare ne. Wannan matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Madubin ZTF na tsaunin Palomar yana fitar da sanarwa dubu ɗaruruwa a dare ɗaya, sabuwar cibiyar Vera Rubin ta Chile, wadda ta nuna hotunanta na farko a Yunin 2025, an gina ta ne ta fitar da miliyoyi. Babu ɗan'adam da zai karanta wannan. Dole a sa manhajoji su tankaɗe, kuma wanda ya rubuta tankaɗen shi ke yanke abin da duniya za ta gani da abin da zai wuce ba a sani ba. Aikin ɗan kwamfuta ne da ɗan lantarki, ko bai san sunan tauraro ko ɗaya ba.

Abin da ya fi burge ni a rahotannin masu madubai shi ne yawan waɗanda ke cewa ba su ga komai ba. Mutum zai rubuta: mun duba wuri kaza daga ƙarfe kaza, da madubi kaza, ba mu ga sabon abu ba har zuwa haske kaza. Ya sa sunansa. A nan makaranta mun saba idan gwaji bai ba da sakamako ba a leƙa littafin na kusa a kwafa. Can kuwa wannan "ban gani ba" kaya ne mai tsada, don yana gaya wa na gaba kar ya ɓata darensa a wannan gefen, ko kuma ya zo da madubin da ya fi girma. Mu ma muka sa a dokarmu: ko duti ya wuce shiru, a rubuta shiru, a rubuta lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da sabis ya yanke, don na gaba ya san inda kunnenmu ya toshe.

Da na je gida hutun ƙarshen mako na yi wa Baba bayani, ina ta kewaye-kewaye. Ya katse ni ya ce, "Ke, ai duban wata kuke yi." Na ce, "Ta yaya, Baba?" Ya ce jinjirin wata mintoci kaɗan yake yi bayan faɗuwar rana ya ɓace. Wanda ya gani ba ya riƙewa, mai unguwa yake gaya wa, ta bi ta dagaci da hakimi da sarki har ta kai Sarkin Musulmi, a hanya kuma ana tambayarsa ina ya tsaya, ƙarfe nawa, ta wane gefe. Garin da hadari ya rufe su ma suna faɗa cewa ba su gani ba. Na ɗauko biro na rubuta, ya shiga babi na ɗaya.

Saura tambayar Malam ta farko, ta madubi. Gaskiya ne ba mu da shi, amma yanzu ba lallai mutum ya zauna kusa da madubi ba. Cibiyar Las Cumbres tana da madubai masu sarrafa kansu a Hawai, Amurka, Chile, Tenerife, Afirka ta Kudu da Ostareliya, an baza su ne don kullum a samu wanda ke cikin dare, kuma tana ware lokaci don ɗalibai. Mu muna da wata riba ma: lokacin da muke karin kumallo dare ne a Hawai, da la'asar ɗinmu kuma dare ya raba a gabashin Ostareliya. Mutum na iya yin dutin dare da rana tsaka. Akwai kuma shirin Kilonova Seekers, inda 'yan sa-kai ke duba hotunan madubin GOTO a wayoyinsu suna ware na gaske da na bogi. A Oktoban 2024 su ne suka tsinci wata tauraruwa da ta yi haske farat ɗaya, awa uku da rabi kacal bayan ɗaukar hoton, har aka juya Swift ya kalle ta.

Ni labarin da nake komawa gare shi idan barci ya matsa shi ne na Sudan. Ranar 6 ga Oktoba 2008 Richard Kowalski yana dutin dare a wani tsauni na Arizona ya ga ɗigo yana motsi. Ya aika. Lissafi ya nuna dutse ne mai faɗin kamar mita huɗu, kuma zai faɗo duniya kafin a cika kwana ɗaya. Ba a taɓa hango dutse kafin faɗowarsa ba sai ranar. Masu madubai manya da ƙanana suka yi ta aiko da awo, fiye da 500, har aka san wuri da lokaci. Da asubar 7 ga wata ya tarwatse a saman hamadar Nubiya a arewacin Sudan, inda aka ce zai faɗo. A Disamba, Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum da Peter Jenniskens daga Amurka suka kwashi ɗalibai zuwa kusa da Tasha ta Shida a kan layin dogo. Ɗaliban suka yi sahu, suka taka hamada da ƙafa suna kallon ƙasa, su suka tsinto baƙaƙen gutsattsarin, waɗanda daga baya suka kai ɗaruruwa.

Mun cika mako ukunmu, kundin ba rami, Malam ya sa hannu a kowane shafi. Ya ce bayan mun kare furojek akwatin zai zauna a lab, ba za a kwance shi a kwashi kayan ba kamar yadda aka saba. Sai dai mu uku muna tafiya ƙarshen zango, duti kuma ba ya yiwuwa da ƙasa da mutum uku. Shida sun fi, don kowa ya samu barci. 'Yan shekarar farko na lantarki, kwamfuta ko kimiyyar lab da ke da waya mai riƙe caji, ku same mu a lab ɗin lantarki ranar Laraba bayan la'asar. Za mu nuna muku yadda ake karanta lambobin da yadda ake cika kundi. Dutin sha biyun dare zuwa takwas na safe shi ne har yanzu ba mai so.